Yadda Ake Kawar da Sharar Asibiti Mai Haɗari a Tahoua da Arewacin Adar

Sharar asibiti ita ce duk abin da ya saura bayan an duba marar lafiya ko an yi masa aiki: allura da sirinji, audugar da ta sha jini, bandeji, safar hannu, ledar ƙarin ruwa, ragowar magani, kwalaben awo, da mabiyar da ke fita a ɗakin haihuwa. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kashi 85 cikin 100 na wannan shara bai bambanta da ta gida ba, kashi 15 ne ke ɗauke da cuta ko guba. A jihar Tahoua tana fitowa daga babban asibitin jiha da cibiyar lafiyar uwa da yaro da ke cikin birni, da asibitocin gunduma irin na Keita da Abalak da Tchintabaraden, har zuwa cibiyoyin kiwon lafiya na CSI da ƙananan ɗakunan magani na ƙauye. Dokar tsabtar jama'a ta 1993 da dokar muhalli ta 1998 su suka aza tushen aikin a Nijar, kuma nauyin shara yana kan asibitin da ya fitar da ita.

Ana fara aikin ne a gefen gadon marar lafiya, kuma wanda ya yi allura ko ya wanke gyambo shi ke raba sharar da hannunsa, ba mai shara ba. A tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, baƙar leda ta sharar yau da kullum ce, kamar kwali da takarda da ragowar abinci. Rawaya ta duk abin da jini ko ruwan jiki ya taɓa ce, ruwan ƙasa kuma ta magani da sinadarai. Inda ledoji masu launi suka yanke, ana rubuta suna a jikin bokiti mai murfi. Idan auduga mai jini ta faɗa cikin baƙar leda, ba a sa hannu a ciro ta. Ledar gaba ɗaya ta koma shara mai haɗari. Shi ya sa sakacin mutum ɗaya ke ninka abin da za a ƙona da man da za a kashe.

Abubuwa masu tsini sun fi komai haɗari. Allura, reza, wuƙar tiyata da ɗan tsinken da ake huda yatsa da shi wajen awon zazzaɓin cizon sauro duk suna shiga kwalin allura nan take, kwali mai kauri da ba ya hujewa, wanda yawanci ke cin lita 5. Ba a mayar wa allura murfinta, ba a lanƙwasa ta, domin a nan ne ta fi sukar ma'aikata. Idan kwalin ya kai kashi uku cikin huɗu sai a rufe shi, ba a dannawa don a samu wuri, ba a juye shi a sake amfani da shi. Wanda allura mai ɗauke da cuta ta soka yana da haɗarin kamuwa da ciwon hanta nau'in B da ya kai kashi 30 cikin 100, nau'in C kashi 1.8, ƙwayar cutar sida kuma kashi 0.3. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓi ke cika ɗakunan yara kuma ƙarin jini ke yawaita, kwalayen kan cika da wuri, don haka jami'in tsabta ke tanadar su tun kafin damina ta sauka.

Kullum ana kwashe sharar a kan lokaci guda. Mai kwashewa yana sanye da safar hannu mai kauri, takalmin roba dogo, rigar leda da takunkumi. Yana ɗaure bakin leda, ya ɗauke ta ta wuya nesa da jikinsa, ya sa a amalanke ko baro da aka keɓe wa wannan aiki kaɗai, ya bi hanyar da ba ta ratsa wurin girki ko inuwar da ƴan jinya ke shimfiɗa tabarma ba. Waɗannan ma'aikata su ne mafi ƙarancin albashi a asibiti, su ne kuma mafi kusa da cuta. Haƙƙinsu ne a yi musu rigakafin ciwon hanta nau'in B da na tetanus, a kuma koya musu aikin da Hausa ko Tamajaƙ, harshen da suke ji.

Wurin ajiya ɗaki ne mai rufi da daɓen siminti da ƙofa mai kwaɗo, inda awaki da karnuka ba sa shiga, haka ma yaran da ke tsince-tsince a juji. A ƙasa mai zafi ba a barin shara mai cuta ta wuce awa 48 a lokacin sanyi, ko awa 24 a lokacin zafi. A Tahoua, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, wannan na nufin ƙonawa kowace rana.

Manyan asibitoci na amfani da injin ƙona shara mai aiki da gazuwal ko lantarki, wanda zafinsa ya kamata ya kai digiri 850 zuwa 1,100. A ƙananan cibiyoyi an fi ganin murhun bulo mai ɗaki biyu da dogon bututun hayaƙi, irin wanda aka tsara a jami'ar De Montfort ta Ingila. Ana fara ɗumama shi da busasshen kwali ko itace har ya yi zafi sosai, sannan a riƙa zuba shara kaɗan-kaɗan, ana haɗa jiƙaƙƙiya da busasshiya. Baƙin hayaƙi mai kauri alama ce ta cewa wutar ba ta kai ba, ko an cika murhun fiye da kima. Akwai abin da ba a jefawa ciki ko kaɗan: robar PVC, wadda ake yin yawancin ledojin jini da igiyar ƙarin ruwa da ita, domin tana fitar da gubar dayoksin; sai ma'aunin zafi mai makuri, batir, gwangwanin feshi da rufaffun kwalabe, masu fashewa su tsaga bulo. Ana gina murhu nesa da ɗakunan jinya da gidaje, ana kuma lura da iska, wadda ke busowa daga arewa maso gabas da hunturu, ta juya daga kudu maso yamma da damina. Ƙonawa a fili ko cikin ganga ba ta narkar da allura, hayaƙinta kuma yana komawa cikin unguwa.

Toka ma shara ce mai haɗari, don akwai guntayen allura a cikinta. Idan ta huce sai a kwashe ta da shebur a zuba a ramin toka mai murfin siminti. Kwalabe na da nasu ramin, mabiya da abin da aka yanke a tiyata su ma da nasu, mai ƙaramar ƙofa da bututun iska. Iyalai da yawa suna karɓar mabiya su binne a gida bisa al'ada. A nan ungozoma ke ba da ita a ɗaure cikin leda, ta yi bayanin a binne da zurfi, ta kuma riƙe ta idan uwar na da cuta mai yaɗuwa.

Haƙar rami a Adar tana bukatar sanin ƙasa. A kan tudu dutse ne, haƙar na da wuya amma ruwa yana nesa. A kwari, kamar na Keita ko bakin tafkin Tabalak, ruwa yana kusa, kuma daga rijiyoyin nan ake sha ana ban-ruwan albasa. Ƙa'ida ita ce ramin ya nisanci rijiya da mita 50 aƙalla, gindinsa kuma ya tsaya mita 2 sama da ruwan ƙasa, a zagaye shi da shinge, a kauce wa hanyar da ruwan ƙorama ke bi.

Jinin da ya zube a ƙasa ana goge shi, a bi wurin da ruwan Javel mai ƙarfin kashi 0.5 cikin 100. Maganin da ya lalace ba a zuba shi a shadda ko a juji, inda zai iya komawa hannun masu tallar magani. Ana ƙirga shi, a rubuta, a mayar wa gunduma. Cibiyoyin arewa masu nisa, wajen Tassara da Tillia, idan ba su da murhu mai kyau, suna tara kwalayen allura a rufe har motar gunduma ta zo.

Idan allura ta soki ma'aikaci, yana wanke wurin da ruwa da sabulu nan take, ba ya matsawa, ba ya tsotsa, sannan ya sanar da shugabansa. Maganin kariya daga ƙwayar sida ana fara shi cikin awa 72, gara ma a awannin farko, a sha kwana 28. Kowane irin wannan hatsari ana rubuta shi a rajista ɗaya da nauyin sharar da aka ƙona da man da aka kashe, kuma da wannan rajista shugabannin asibiti ke ware kuɗin leda da kwali da gyaran murhu a kasafin shekara mai zuwa.