Tafiya Wata Ta Bakin Igwa: Yadda Ake Karanta Ƙagaggen Labarin Kimiyya

Ɗalibin da ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ko Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda aka buga a 1934, ya san daɗin labarin aljannu da abubuwan al'ajabi. A irin wannan labari ba a tambayar ta yaya aljani ya ɗauke mutum, an yarda ne kawai a ci gaba da sauraro. Ƙagaggen labarin kimiyya kuwa daban yake. Marubucinsa yana da'awar cewa abin da ya ƙaga zai iya faruwa bisa ƙa'idojin halitta, don haka mai karatu yana da damar ɗaukar alƙalami ya bincike shi. Rabin daɗin karatun yana cikin wannan bincike.

Alal misali, a 1865 wani Bafaranshe mai suna Jules Verne ya wallafa littafi kan tafiya daga duniya zuwa wata. A cikinsa wasu Amurkawa sun ƙera wata ƙatuwar igwa mai tsawon mita 274 a cikin ƙasa a jihar Fulorida, suka ɗura mata abin fashewa, suka harba harsashi mai ɗaki a ciki ɗauke da mutum uku. Verne bai yi shaci-faɗi wajen gudu ba: ya ba harsashin kimanin kilomita 11 a daƙiƙa ɗaya, wanda kusan shi ne gudun da abu yake bukata kafin ya kuɓuce wa maganaɗisun duniya. Zaɓen Fulorida ma da dalili, domin wata ba ya zuwa tsakar kai sai a wuraren da ba su yi nisa da tsakiyar duniya ba. Abin mamaki, a Disamba 1968 kumbon Apollo 8 ya tashi daga Fulorida ɗin da mutum uku, ya kewaya wata, ya dawo ya faɗa Tekun Fasifik, inda matafiyan Verne suka faɗa a littafi na biyu.

To, ina gizo yake saƙa? A cikin igwar kanta. Harsashin zai tashi daga tsaye cik zuwa gudun mita 11,000 a daƙiƙa, kuma duk wannan cikin mita 274 kacal. Ɗan babbar sakandare zai iya lissafin a kan allo. A ninka 11,000 da kansa, a raba da tsawon igwar sau biyu, wato 548, za a sami kimanin 220,000. Idan aka raba wannan da 10, wato gwargwadon jan da duniya take yi wa abin da ya faɗo, sai a ga matafiyan za su ji nauyinsu ya ninku sau 22,000. Yaro mai nauyin kilo 50 zai danne kujerarsa da nauyin da ya haura tan 1,000. Verne ya lura da matsalar, har ya shimfiɗa ruwa a ƙarƙashin ɗakin don ya rage bugun, amma wannan dabara ba ta kai ta kawo ba. Ko mutum ɗaya ba zai fita bakin igwar da rai ba.

Wannan kuskure bai zubar da darajar littafin ba. Konstantin Tsiolkovsky, wani malamin makaranta a Rasha, ya bayyana cewa Verne ne ya cusa masa tunanin tafiya sararin samaniya. A 1903 ya wallafa lissafin da ya nuna cewa roka ce mafita, domin tana tafe da manta, tana ƙara gudu sannu a hankali cikin mintoci. Shi ya sa nauyin da 'yan Apollo suka ji lokacin tashi ya tsaya wajen ninki huɗu na nauyinsu.

Malamai da yawa suna ƙwace irin waɗannan littattafai a aji, suna ganin ɓata lokaci ne. Ya fi kyau malamin kimiyya ya karɓi littafin, ya zaɓi babi guda, ya raba allo gida biyu: abin da zai yiwu, da abin da ba zai yiwu ba, kowanne da hujjarsa. Ba sai an jira littafin Turai ba. Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata, ya kai yaro Kilba sararin samaniya da harshen Hausa. Aji zai iya farawa da tambayar wace iska Kilba zai shaƙa a can, kuma me zai kare shi daga zafi da sanyi.