Kalmomin Turanci na Haɗari da Sa Iyaka

'Yan makaranta, mu a Hausa kalmar haɗari tana ɗaukar abubuwa da yawa, amma Turanci ya rarraba su. "Danger" shi ne haɗarin da ke gabanka a fili, kamar wayar lantarki da ta tsinke ta faɗo ƙasa. "Risk" kuwa kasada ce, wato ka shiga abu ba ka san yadda zai ƙare ba. "Hazard" shi ne abin da zai iya jawo ɓarna in an yi sakaci, kamar sinadaran ɗakin gwaje-gwajen kimiyya.

Ku lura, domin a nan ake zubar da maki a jarrabawa. "He is in danger" na nufin yana cikin haɗari, a taimake shi. "He is dangerous" na nufin shi ne haɗarin, a guje shi.

Wasu maganganun sun yi daidai da namu. "Playing with fire" wasa da wuta ne, "better safe than sorry" kuma ɗan'uwan rigakafi ya fi magani ne. Wasu kuwa sai an san ƙasarsu. A ƙasashe masu tsananin sanyi ruwan tafki yakan daskare har mutane su yi sulɓi a kansa. Inda ƙanƙarar ba ta yi kauri ba, sai ta fashe mutum ya nutse. Saboda haka in malami ya ce "you are skating on thin ice", kashedi ne, ka kusa jawo wa kanka.

Sai batun iyaka. "Out of bounds" kun san shi a dokokin makaranta: wurin da aka hana shiga. "Deadline" ranar ƙarshe ce ta miƙa aiki, amma a da tana da ma'ana mai ban tsoro. A 1864, lokacin yaƙin basasar Amurka, a sansanin fursunoni na Andersonville akwai layin da duk fursunan da ya ƙetare shi, harbe shi ake yi.

Wanda na fi so ku riƙe shi ne "draw the line", wato ka ja layi ka ce daga nan ban wuce ba. Ranar da aboki ya ce ku tsallake katanga da dare, ko wani ya kawo muku satar amsa, amsarku ke nan: "This is where I draw the line."

Lokacin hutu kowa ya gina jimla ɗaya da kowace magana, ya kawo wa malamin Turancinsa ya duba.