KAFIRETA: YADDA TSOHON BABUR KE NUMFASHI

A safiyar Alhamis ta hunturu, ranar da kasuwar Maigatari ke ci, ba wuya a ga mutum a Gagarawa Tasha yana ta buga kik, tsohuwar Hondarsa ta ƙi tashi, abokan tafiya kuma sun riga sun kama hanyar Gumel. In an dace ta tashi, sai ta yi ta tari tana fitar da baƙin hayaƙi. Galibi sai a ce babur ya tsufa. Sau da yawa ba tsufa ba ne, numfashinsa ne ya rikice, kuma kafireta ce ke kula da wannan numfashi.

Ɗalibin da ya karanta darasin numfashi a ilimin halittu ya riga ya san rabin labarin. Jikin ɗan Adam yana ƙona sukari da iskar oksijin don ya sami ƙarfi, sannan ya fitar da ruwa da iskar kabon dayokzaid. Haka inji yake yi da fetur, sai dai tasa ƙunar farat ɗaya ce. Kafin fetur ya ƙone sarai, kowane giram 1 nasa yana bukatar kimanin giram 14.7 na iska. Wato lita ɗaya ta fetur tana cin iska kusan lita 9,000. Aikin kafireta shi ne ta auna wannan haɗi, ko babur yana tsaye ko yana gudu. In mai ya rinjayi iska, sai a yi asarar fetur, fulogi ya yi baƙi. In kuwa iska ta rinjayi mai, inji zai yi zafi fiye da kima, har yakan kai ga ƙona bawul ko huda kan fistin.

To, yaya kafireta ke ɗaga mai ba tare da famfo ba? A 1738 Daniel Bernoulli ya bayyana cewa idan ruwa ko iska suka ƙara gudu, matsinsu yakan ragu. A 1797 kuma Giovanni Venturi, mutumin Italiya, ya nuna yadda hakan ke faruwa a bututun da aka tsuke tsakiyarsa. Maƙogwaron kafireta irin wannan bututu ne. Idan fistin ya sauka ya zuƙo iska, sai ta ratsa matsattsen wurin da sauri, matsi ya faɗi, iskar waje kuma ta danno man da ke cikin ɗan kwanon ƙasa, ya hau ta wata 'yar kafa da kanikawa ke kira jet, ya fesu. Malami na iya nuna wannan a aji: a tsoma tsinken shan lemo a kofin ruwa, a ɗauki wani a hura da ƙarfi daidai kan bakinsa. Ruwan zai hau ya fesu.

Hanyoyin mai a kafireta uku ne, kuma saninsu shi ne ke bambanta gwani da mai lalube. Ƙaramin jet, wato na silo, shi ke ciyar da inji daga tsayuwa zuwa kusan rubu'in totur. Daga rubu'i zuwa kashi uku cikin huɗu, aikin allura ne, wadda ke hawa tana sauka tare da totur. Daga nan zuwa ƙarshe sai babban jet. Saboda haka tambayar farko ita ce: a wane matsayin totur babur ke shiƙewa? Wanda ke mutuwa da zarar an saki totur, amma yana gudu lafiya a kan titi, ƙaramin jet ɗinsa za a duba. Kafarsa ba ta kai rabin milimita ba, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe ta. A wanke shi da fetur a hure da iska. Kada a zura masa waya ko allurar ɗinki, domin tagulla ce mai taushi, kuma kafar da ta faɗaɗa ba ta komawa.

A wannan yanki babban abokin gaba shi ne ƙura. Matatar iska tana yi wa inji aikin da gashin hanci da majina ke yi wa huhu. Idan hazon hunturu ya cika ta, iska takan ragu, mai ya rinjaya. Wasu kan cire ta gaba ɗaya, su ji babur ya saki jiki, su yi murna. Murnar ba ta daɗewa, don yashi zai riƙa goge silinda da zoben fistin kamar samfefa. Yanayi ma yana da nasa tasiri. Iskar safiyar Janairu mai digiri 12 ta fi iskar azahar ɗin Afrilu mai digiri 42 nauyi da kusan kashi 10 cikin 100, don haka saitin da ya dace da bazara yakan yi ƙarancin mai da hunturu. Ga shi kuma fetur ba ya saurin zama tururi cikin sanyi. Amfanin cok ke nan: yana sa mai ya rinjaya har inji ya ɗumama, sannan a mayar da shi.

Sai kuma ingancin man kansa. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka in ya shiga tanki daga jarka ko kwalbar bumburutu, a gindin kwanon kafireta zai kwanta, daidai inda jet ke sha. A kwance ɗan sukurun da ke ƙasan kwanon a tsiyaye shi a kwalba mai haske, za a ga ruwan ya ware. Man da aka gauraya da kananzir yana wahalar tashi, yana kuma sa inji ƙwanƙwasa. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol Nijeriya, wanda ke jawo ruwa yana kuma cin roba.

Kafin a taɓa kafireta, a tabbatar fulogi yana ba da wuta, mai yana saukowa daga tanki, robar da ta haɗa kafireta da inji kuma ba ta tsage ba, domin tsagar tana shigar da iskar da ba a auna ba. Sannan a bar inji ya ɗumama. A juya sukurun iska ciki a hankali har ya zauna, ba tare da an matse ba, a dawo da shi juyi ɗaya da rabi. Daga nan a riƙa motsa shi rubu'in juyi, ana saurare, har a sami inda ƙarar ta fi tashi ta kuma daidaita, sannan a sauke silo da nasa sukurun. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Bayan tafiyar 'yan kilomita a kwance fulogi: launin soyayyar gyaɗa alamar daidai ne, busasshen baƙi yawan mai ne, fari fat ƙarancin mai ne, baƙi mai danshi kuwa baƙin mai ne ke haurowa, kuma wannan ba laifin kafireta ba ne.

Duk wannan aiki a fili ake yin sa, ba a cikin zaure ko rufaffen shago ba. Injin da mai ya rinjaya yana fitar da iskar kabon monokzaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama sinadarin himogulobin na jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da wani abu. Alamunta na farko ciwon kai ne da jiri, kuma duk wanda ya ji su ya kashe inji ya fita waje nan take.