Darasi: Yaushe Ake Rushe Gida?

A Littafin Firistoci 14:33-45 mun ga dokar gidan da tabo ya ɓulla a bangonsa. Ba da rushewa ake farawa ba. Firist yakan duba, ya rufe gidan kwana 7. In tabon ya yaɗu, a cire duwatsun da ya kama, a kankare bango, a sake yaɓe. Sai ya dawo ne ake rushe gidan, a kwashe duwatsu, katako da ƙasa zuwa bayan gari.

Mu lura, tun kafin firist ya shiga ake fitar da kaya, don kada su ƙazantu, mai gida ya yi hasara biyu. Mu kuwa, da yawanmu muna kwana da yara a gindin tsagaggen bango da damina, wai gidan kakanni ne, ba mu ko kira magini ya duba ba.