Manhajojin Bashi Na Waya: Wa Ke Sa Musu Ido, Kuma Mene Ne Aikin Majalisa?

Matashin da ke Gafasa a ƙaramar hukumar Ajingi ba ya buƙatar zuwa banki a Gaya ko Kano kafin ya ci bashi. Wayar Android, lambar BVN da 'yan mintuna sun isa. Wannan sauƙin ne ya sa ya kamata kowane mai waya ya san dokokin da ke kare shi, da waɗanda ke bibiyar ko ana aiki da su.

Fara da lissafi

A ɗauka manhaja ta yi tallar bashin N20,000, ta cire N2,000 kuɗin hidima, N18,000 ta shiga asusu. Za a biya N6,000 duk mako har mako huɗu, jimla N24,000. Abin da bashin ya ci shi ne N6,000 a kan N18,000, wato kashi 33 cikin 100 a wata guda. Biyan kaɗan-kaɗan ne ke sa mutum bai ga nauyin ba. Wannan baya ga hukuncin kuɗin ruwa a addini, wanda malamai sun riga sun yi bayaninsa.

Dokar da majalisa ta yi

Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta zartar da dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a farkon 2019. Dokar ce ta kafa hukumar FCCPC, ta kuma ba ta ikon tsara ƙa'idoji da hukunta masu saɓa musu.

Kafin a fara matsa musu, wasu manhajoji kan kwashe lambobin da ke wayar mai bashi, su riƙa tura wa iyayensa da abokansa saƙon cewa ɓarawo ne. A 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending Naira miliyan 10 saboda keta sirrin masu bashi. A Maris 2022 FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu masu ba da bashi a Legas, a Agustan shekarar kuma ta fitar da ƙa'idar wucin gadi da ta wajabta musu rajista. Shi ma Google, daga 31 ga Mayu 2023, ya hana manhajojin bashi na Play Store shiga lambobin waya da hotunan jama'a.

A Yunin 2023 shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. A Yulin 2025 kuma FCCPC ta fitar da cikakkun ƙa'idojin bashin intanet: dole a yi rajista, a bayyana sharuɗɗa ƙarara, a daina cin mutunci wajen karɓar bashi. Tarar kamfanin da ya saɓa na iya kai Naira miliyan 100.

Ina majalisa ta shigo?

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Majalisa ce ke yin doka, hukuma kuma ta rubuta ƙa'ida a ƙarƙashin dokar. Shugabannin FCCPC ba zaɓaɓɓu ba ne, naɗa su ake yi. Don haka tsarin mulki ya ba zaɓaɓɓun wakilai hanyoyin sa musu ido.

Na farko, bincike. Sashe na 88 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba Majalisar Dattawa da ta Wakilai ikon binciken duk hukumar da ke aiwatar da dokar da suka yi. Sashe na 89 ya ba su ikon kiran mutum ya ba da shaida ko ya kawo takardu.

Na biyu, kasafin kuɗi. Hukumomi kan bayyana gaban kwamitoci su kare kasafinsu, kuma a nan ɗan majalisa zai iya tambaya: ƙorafi nawa aka karɓa, nawa aka warware?

Na uku, gyaran doka. Idan ƙa'ida ta gaza, majalisa na da ikon gyara dokar da ta haife ta.

Amma majalisa ba kotu ba ce. Ba ta yafe wa kowa bashi, kuma ba ta rufe manhaja da kanta. Abin da take iyawa shi ne ta sa hukuma ta yi bayani, ta kuma yi aikinta.

Gafasa tana cikin mazaɓar tarayya ta Albasu, Gaya da Ajingi, da mazaɓar sanatan Kano ta Kudu. Kowace majalisa tana da kwamitin karɓar koke-koken jama'a, kuma ta hannun wakili ake gabatar da koke a zaure. Idan matasan mazaɓa suka haɗa koke ɗaya da hujjoji, ya fi ƙorafi a Facebook tasiri. Hausawa suka ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da mai waya zai yi

1. Kafin ya sauke manhaja, ya duba sunan kamfanin a jerin waɗanda FCCPC ta amince da su a shafinta. Idan ƙaramin banki ne, lasisinsa daga Babban Bankin Najeriya yake.
2. Ya guji fayil ɗin APK da ake turowa ta WhatsApp, domin ƙa'idar Play Store ba ta hau kansa ba.
3. Ya shiga saitin waya ya duba izinin da manhajar ta nema. Wadda ta nemi lambobin waya ko hotuna, ya hana ta.
4. Ya ɗauki hoton shafin sharuɗɗa kafin ya amince, ya adana rasit ɗin kowane biya da duk saƙon barazana.
5. Idan aka ci mutuncinsa, ya kai ƙorafi FCCPC. Idan bayanansa aka yaɗa, ya kai NDPC. Idan aka yi shiru, sai koke ga ɗan majalisa, haɗe da kwafin ƙorafin farko.

Kai ƙorafi ba ya sauke bashi daga wuyan mutum. Wanda ya ƙi biya, sunansa na iya shiga kundin kamfanonin tattara tarihin bashi, ya sha wahalar samun rance nan gaba. Doka ta hana a tozarta shi, amma abin da ya karɓa zai biya.