Tsohon Sojan Bama

Ya kai mai karatu, ka san labarin sojan Bama? A shekara ta 1943 aka ɗebe su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can suka kutsa kurmin Bama, suka gwabza da Japan har 1945. Wanda Allah ya komo da shi gida, lambar yaƙi ba ta cika masa rumbu ba. Sana'ar da ya koya a bariki, tuƙin mota ko kafinta, da ita ya ciyad da iyali, ya aurad da 'ya'ya. In ka tuna da shi, roƙa masa gafara, ka kuma kama sana'a. Gama bindiga ta Gwamnati ce, sana'a kuwa ta mai ita ce har kabari.