Tambaya da Amsa: Jita a Kan Waƙar Masunta

TAMBAYA: Malam, ƙanena ya koyi kaɗa jita. Yanzu ya ɗauko waƙoƙin da tsofaffinmu ke yi in suna tuƙin jirgi, yana ɗora musu jita da fiyano, har yana cusa maganar ƙarancin kifi da rashin wuta. Manya sun ce ya ɓata gado. Shi kuma ya ce haka Turawa suka yi har wani ya samu lambar Nobel. Wa ke da gaskiya?
Mai karatu daga Warra, Ngaski.

AMSA: Malam, ƙanenka bai yi ƙarya ba, amma rabin labarin ya ji. Bob Dylan yake nufi, wanda aka ba Nobel ta adabi a 2016. A farkon shekarun 1960 matasan Amurka sun koma wa waƙoƙin manoma da 'yan ƙwadago, daga murya sai jitar katako. Da irinsu aka yi fafutukar 'yancin baƙaƙen fata. Dylan da Joan Baez sun yi waƙa a gangamin Washington na 1963. A Yulin 1965 ya hau dandamalin bikin Newport da jita mai lantarki, wasu 'yan kallo suka yi masa ihu. Ƙorafinsu shi ne na manyanku. A shekarar ne salon da suke kira folk rock ya kankama.

Ga rabin da bai ji ba. Tun 1933 John Lomax da ɗansa Alan suke bin gonaki da gidajen yari da na'urar ɗaukar murya, suna kai abin da suka tara laburaren majalisar dokokin ƙasar. Saboda haka duk yadda Dylan ya juya waƙa, ta asali tana nan a ajiye. Ku kuwa ma'ajiyarku bakin tsofaffi ne. An kammala madatsar Kainji a 1968, aka tashi mutum sama da 40,000 daga gungunansu da ƙauyukan gaɓa. Yaron da ke da shekara goma a lokacin, yau ya doshi saba'in. In ya tafi da waƙarsa, abin da ƙanenka ya sake wa fasali shi kaɗai zai rage. Tsoron manya ke nan, kuma yana kan hanya.

Batun jita bai dame ni ba. Ali Farka Touré na Niafunke a Mali, a gaɓar wannan kogi naku, da ita ya kai kiɗan garinsu duniya. Fiyanon nake tsoro. Kiɗan da aka riga aka shirya a cikinsa ba ya jiran numfashin mai tuƙi, yakan daidaita komai ya koma irin na gidan biki.

Waƙar kukan talaka ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Bayan kafa NEPU a 1950, su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin sun yi ta da waƙa. Ɗan Maraya Jos, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ya yi wa karen mota waƙa lokacin da yawancin makaɗa ke bin masu hannu da shuni. Waƙar fada irin ta Sani Aliyu Ɗandawo na Yauri tana da gurbinta, ta masunci ma haka.

Sai dai ka ja masa kunne da labarin Woody Guthrie, wanda Dylan ya ɗauka ubangida. A 1941 wata hukumar lantarki ta gwamnati ta ɗauke shi aikin wata guda, ya yi waƙoƙi 26 na yabon kogin Columbia da madatsunsa. Ɗaya daga cikin madatsun, Grand Coulee, ita ta tare hanyar kifi ta kuma nutsar da wurin su na 'yan asalin yankin. Mawaƙin talakawa ma ana iya ɗaukarsa haya, balle a shekarar zaɓe.

Kafin ya sake shiga situdiyo, ya ɗauki wayarsa ya zauna gaban tsofaffin Gungawa da Kambari da Sarkawa, ya nemi izini, ya ɗauki kowace waƙa yadda take, da sunan mai ita da gungun da ta fito. Ta Gunganci ya bar ta a Gunganci. Wadda suka ce ba ta fili ba ce, ya ƙyale musu abarsu. Sauran ya ɗora musu jitarsa, ya fara kai wa masu su su ji kafin ya saka a TikTok.